Shagon haɗa samfurin gini a Tudun Wada: sun ƙera mini Ginin Portland, ban da mutum-mutuminsa

A wani lungu na Tudun Wadan Kaduna, tafiyar mintuna kaɗan daga tsohuwar Panteka, akwai wani shago mai ƙofa biyu wanda babu allon suna a kansa, kuma wanda bai san shi ba zai ɗauka shagon kafinta ne da ciniki ya ja wa baya. Sana'arsu ita ce haɗa samfurin gini, wato ƙaramin gini na kwali da filawud da roba wanda masu zanen gine-gine suke ɗorawa a kan tebur domin mai kuɗi ya ga abin da zai biya tun kafin a haƙa tushe. Mafi yawan masu kawo musu aiki ɗalibai ne 'yan ajin ƙarshe da kuma 'yan kwangilar rukunin gidaje. Ni kuwa wani aiki dabam na kai musu, kuma bayan mako bakwai ina zarya tsakanin Unguwar Rimi da wannan lungu, ina ganin na san shagon sanin da ya isa in faɗi abin da suka ƙware a kai, da kuma abin da ya kamata mutum ya shirya wa ransa kafin ya miƙa musu kafin alƙalami.

Ina koyar da tarihin gine-gine a wata babbar makaranta a nan cikin gari, kuma duk shekara idan muka iso kan salon da ake kira fosmodan, wato salon bayan-zamani, ginin da nake kafa misali da shi shi ne Ginin Portland, wanda yake birnin Portland na jihar Oregon a arewa maso yammacin Amurka. Michael Graves ne ya zana shi, aka buɗe shi a 1982, hawa 15 ne, kuma ofisoshin hukumar birnin ne a cikinsa, kusa da babbar majalisar birni. Da wuya shekara ta wuce ba a sami ɗalibin da ya ɗaga hannu ya tambaya ko daga nan simintin Portland ya samo suna ba. Ba daga nan ba ne. Sunan simintin ya fito daga wani dutsen gini na tsibirin Portland da ke kudancin Ingila, kuma tun 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista, kafin a kafa birnin na Amurka.

Matsalata da hotuna ita ce suna yi wa wannan gini alfarma. Idan na haska su a bango, ɗalibai suna ganin ƙasan ginin da tayil mai launin tsanwa, da jikinsa ruwan madara, da manyan ginshiƙai biyu ruwan hanta waɗanda suka tashi suka ɗauki wani ƙaton makullin baka, wato dutsen tsakiya da yake kulle bakan gizon gini, da kintinkirin ado a gefe, sai su ce ya yi kyau, su rubuta, mu wuce. Abin da nake so su fahimta shi ne dalilin da ya sa ginin ya tayar da ƙura. Shekaru da yawa kafin shi, manyan ofisoshin Amurka da Turai akwatunan gilashi da ƙarfe ne marasa ado, domin malaman wancan zamani sun ɗauki ado a matsayin ƙarya. Graves da ire-irensa suka dawo da launi da ginshiƙi da baka, amma suka dawo da su a matsayin alama, ba domin su ɗauki nauyin komai ba. Ginin Portland yana cikin manyan gine-ginen farko da aka kammala a wannan salo, ya riga ginin AT&T da mai zanen gine-gine Philip Johnson ya zana a New York, wanda aka gama a 1984. Irin wannan bayani hoto ba ya isar da shi, sai abin da ɗalibi zai zagaya ya leƙa ta gefe, shi ya sa na yanke shawarar a ƙera mini shi.

Ranar farko na tarar da mai shagon zaune a kan benci yana goge gefen wani rufi da samfefa, yaransa uku kuma suna ciki. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda na girme shi da kimanin shekara goma. Na shimfiɗa masa zanen fuskokin ginin guda huɗu da hotunan da na buga, na ce ina son ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a madadin kowace mita ta ginin. Bai tambaye ni kuɗi ba tukuna, sai ya jawo rula da fensir ya soma lissafi a bayan wani kwali. Ginin ya cinye fili guda cur na tsakiyar birnin, kuma filayen tsakiyar Portland ƙafa 200 ne kowane gefe, kimanin mita 61, tsayin ginin kuwa kimanin mita 70. Ya duba lissafinsa, ya ɗago kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan akwati ne.” Na ce masa abin da nake so yara su gani ke nan. A cikin minti biyar ya faɗi abin da nake shafe awa biyu ina kewaye-kewaye a kansa a aji, kuma tun daga lokacin na san ban yi ɓatan kai ba.

Abin da ya fi burge ni a duk hulɗarmu ya faru bayan kwana uku, lokacin da ya aiko ya ce in zo, akwai abin da bai gane ba. Ya jera hotunana kashi biyu a kan tebur. Ya nuna mini cewa a kashi na farko gilashin tagogin baƙi ne wuluk, a na biyu kuma fari ne har ana hango fitilun ciki, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan tayil ɗin ƙasa ya ce a wasu hotunan ƙanana ne, a wasu kuma manya. “Malam, gini biyu ka kawo mini,” in ji shi, “wanne kake so?” Gaskiyarsa ce, kuma laifina ne, domin na haɗa hotunan kafin gyara da na bayan gyara ba tare da na tantance ba.

Tarihin wannan bambanci shi ne rabin darasin. An ba Graves aikin ne bayan wata gasa da Philip Johnson ya kasance mai ba da shawara a cikinta, kuma kasafin kuɗin ya yi matuƙar matsewa, har aka gama ginin a kan kimanin dala miliyan 29. Domin a rage kashe kuɗi aka zubar da wasu abubuwa na zanen farko, kamar 'yan ƙananan ɗakunan ado da ya so ya jera a kan rufi, kintinkirin da ya so ya fito yana kaɗawa kuma aka mayar da shi shafaffe a jikin bango. Bangon kankare ne aka shafa wa fenti aka manna wa tayil, a garin da ruwan sama yake ɗaukar watanni yana zuba. Ba a daɗe ba ginin ya soma yoyo, ma'aikata kuma suka yi ta ƙorafin duhu saboda ƙananan tagogi masu baƙin gilashi. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta ba shi lambar yabo a 1983, an sa shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 2011, amma duk da haka a 2014 sai da aka yi maganar rushe shi, har Graves da kansa ya je Portland ya kare aikinsa, ya rasu a watan Maris na 2015. Daga bisani aka amince da gyara na dala miliyan 195, wanda aka soma a 2017 aka kammala a wajen 2020, aka lulluɓe ginin da sabuwar riga ta alminiyam mai kama da tsohuwar, aka sauya gilashin zuwa mai haske. Ko da an yi la'akari da faɗuwar darajar dala a tsakanin shekarun, wannan gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Na ce wa mai shagon ya yi mini na 1982, mai baƙin gilashi, ya rubuta shekarar a jikin bango da alli domin kada yaran su rikice.

Tagogin nan su ne ainihin gwajin hannun shagon. Kowace taga a ginin murabba'i ce mai kimanin ƙafa 4 kowane gefe, wanda a ma'auninmu ya zama milimita 12, kuma ɗaruruwa ne, a jere sahu-sahu. Suna da injin yanka mai aiki da hasken leza, amma ba ya tashi sai da wutar lantarki mai ƙarfi, ƙaramin janaretansu kuma ba ya ɗaukarsa. Saboda haka fuskoki biyu inji ya yanka, biyu kuma da hannu aka yi. Na zauna wata ranar Asabar ina kallon ƙaramin yaron shagon, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, yana wannan aiki. Ya kafa rular ƙarfe, ya ja wuƙa sau uku a kowane gefe ba tare da ya danna da ƙarfi ba, ya tura ɗan murabba'in da bakin allura ya faɗa cikin gwangwanin madara, sa'an nan ya hure ƙurar ya matsa gaba. Duk bayan sahu biyu yakan karya bakin wuƙar ya fito da sabo. Da ya yi kuskure a taga guda, ta ɗan karkace da abin da bai kai kaurin farce ba, bai ɓoye ba, ya ɗaga kwalin ya ce, “Oga, ga shi na ɓata.” Ogan ya duba ya ce a sake fuskar gaba ɗaya. Yau idan ban nuna wa mutum ba, ba zai bambance fuskar inji da ta hannu ba.

Sai maganar mutum-mutumin, wadda na san za ta taso amma na yi ta jinkirta ta. Abin da ya sa mutane da yawa suka san wannan gini ba ginshiƙan Graves ba ne, wata ƙatuwar siffar mace ce ta jan ƙarfe da ke durƙushe a kan dakalin da ke saman babbar ƙofa, ta wajen titi na biyar, riƙe da mashi mai tsini uku a hannun hagu, ta miƙo hannun dama ƙasa wajen masu wucewa. Sunanta Portlandia, Raymond Kaskey ne ya ƙera ta, kuma ya ɗauko siffar daga matar da ke cikin hatimin birnin, wadda take wakiltar fatauci. A durƙushe tsayinta ya kusa ƙafa 35, kimanin mita 10 da rabi, nauyinta tan 6.5, da za ta miƙe tsaye kuwa da ta kai wajen ƙafa 50. A duk Amurka babu mutum-mutumin bugaggen jan ƙarfe da ya fi ta girma sai Mutum-mutumin 'Yanci na New York. An ƙera ta gunduwa-gunduwa a jihar Maryland kusa da Washinton, aka kai ta Portland a jirgin ƙasa, aka harhaɗa, sa'an nan aka ɗora ta a kan jirgin dako aka bi da ita ta kogin Willamette, jama'a suka fito kallo, aka kafa ta ranar 6 ga Oktoba, 1985, shekara uku bayan buɗe ginin.

Da na nuna masa hotonta, mai shagon ya daɗe yana kallo, kuma na lura ba fuskar yake kallo ba, tabon guduma yake bi a jikin ƙarfen. Ya ce wannan irin bugun da maƙeran Bida suke yi wa faranti ne, a bugi ƙarfe ta baya har siffa ta kumburo ta gaba, sai dai wannan ya yi girma. Haka ɗin ne, dabarar guda ce. Sa'an nan ya tura mini hoton a hankali ya ce, “Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba na yin siffar mai rai. Ko a samfurin rukunin gidaje ba na sa mutane, sai itatuwa da motoci. Idan ka ga dama in mayar maka da kuɗinka.” Ya faɗi wannan ba tare da wa'azi ba, ba tare da ɗaure fuska ba, kuma tun aikin bai yi nisa ba, wanda a wurina shi ne abin yabo, domin wani da ya karɓi kuɗin ya yi shiru sai ranar karɓar kaya. Malamai sun yi dogon bayani a kan wannan mas'ala, ba kuma nan ne wurin buɗe ta ba. Ni dai ban ga dalilin matsa wa mutum a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, kuma duk mai niyyar kai musu aiki ya san da wannan tun daga gida.

Mafitar daga wurinsa ta fito. Ya ce abin da ɗalibi yake buƙata shi ne ya ga girman abin idan an gwada shi da ginin, da wurin da ya zauna, da launinsa. Ya raka ni cikin Panteka wurin wani maƙeri abokinsa, wanda ya yanko guntun jan ƙarfe daga tsohon bututu, ya buga shi ya zama dunƙule mai tsayin santimita 10 da rabi, mai ɗan sunkuyowa gaba, babu fuska babu gaɓoɓi, sa'an nan ya lanƙwasa waya ya yi mashin mai tsini uku ya liƙa masa. Aikin bai ɗauke shi awa biyu ba. A hanyarmu ta komawa na ba mai shagon labarin da ya ba shi dariya: ko a can Portland ba a cika samun wannan siffa a jikin riga ko kofi ko maɓallin mota ba, domin Kaskey ya riƙe haƙƙin mallakarta, yana kuma tsaronsa ƙwarai. Ashe a Oregon doka ta hana a kwaikwaye ta, a Tudun Wada kuma tsoron Allah ya hana, kowa da dalilinsa, sakamakon dai guda.

Zuwa nan yabo nake yi, amma akwai inda shagon ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. An yi mini alkawarin mako uku, aka kai mako bakwai. Rashin wuta gaskiya ne, na gani da idona, sake fuskar da aka ɓata ma ya ci kwanaki, kuma ban yi ƙorafi a kan waɗannan ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne rashin sanarwa. Sau biyu ina tsallake cunkoson kasuwa da yamma saboda an ce mini “gobe in sha Allahu”, in tarar an ture aikina gefe an rufe shi da buhu, ana fama da samfurin wasu ɗalibai da za su kare aikinsu a makon. Na fahimci matsin da yake ciki, domin ni ma malami ne, amma kiran waya na minti guda ya isa ya hutar da ni. Wayar shagon kuma guda ce, tana aljihun mai shagon, idan ya shiga kasuwa sayen kaya babu wanda zai ba ka amsa. Ba su ba da rasit sai na nema, shi ma a fallen littafin makaranta aka rubuta.

Fenti shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Na nuna ruwan madara a hoto, na ɗauka magana ta ƙare. Da na dawo sai na tarar da jikin ginin ruwan ƙwai, irin wanda ake shafa wa shagunan bakin titi, ginshiƙan kuma sun yi ja kamar an zuba musu manja. Ya ce abin da ya samu a kasuwa ke nan, kuma a waya launin haka ya nuna masa. A gini irin wannan, wanda kusan duk maganarsa a launi take, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Graves ya zaɓi tsanwar ƙasa da shuɗin sama da gangan, launukansa kuma masu sanyi ne, kamar waɗanda rana ta ɗan dakusar. Muka yi ja-in-ja cikin mutunci, ya yarda ya sake, ni kuma na sayi fentin. Muka tsaya tare yana ɗiga ruwan ƙasa a cikin fari yana gauraya da tsinke, yana shafawa a guntun kwali, muna fita da shi rana mu jira ya bushe, har sai a gwaji na biyar muka dace. Hannunsa a awo ya fi idonsa a launi nesa ba kusa ba, kuma wanda zai ba shi aiki ya kawo guntun launin da yake so a zahiri, ya sa a manna shi a bango kusa da aikin.

Ɗaukar kaya ma ba su da tsari a kai. Babu akwati, babu soso, sai igiya da tsohuwar jarida. A Keke Napep muka ɗauko shi, yaro guda yana rungume da shi a baya, kuma a wani rami kafin mu hau titin Ahmadu Bello kusurwar rufin ta bugi ƙarfe ta ɓantare. Washegari yaron ya zo har ofis da gam da ɗan fenti ya gyara, bai karɓi ko kwabo ba, har kuɗin motar da na miƙa masa sai da na matsa. Da yake a tsakiyar damina aka yi aikin, bayan mako biyu takardar tayil ɗin ƙasa ta soma ɗagowa a gefe guda saboda laima, wani abokin aikina ya ce samfurin ya kwaikwayi ginin har da ciwonsa. Shi ma sun zo sun manne.

Da na ajiye shi a gaban aji na ce kowa ya zo ya tsuguna ya kalli bangon ta gefe, ido daidai da fuskar ginin. Abin da suka gani shi ne abin da na biya kuɗi domin su gani. Ƙaton makullin bakan nan da yake cika hoto ba shi da kaurin da ya wuce na fenti, kuma babu wata baka a ƙarƙashinsa da yake kullewa. Ginshiƙan ba su ɗauke da komai. In ban da kawunan ginshiƙan da suka ɗan turo gaba, da hawa-hawan ƙasa, duk sauran zane ne a jikin akwati. Wata ɗaliba ta cire dunƙulen jan ƙarfen daga dakalinsa ta riƙe a hannu, nan take fuskar ginin ta zama kamar zanen atamfa da aka shanya, da ta mayar kuma sai ƙofar ta sami nauyi, ido ya sami wurin sauka. Ban taɓa iya nuna wannan da hoto ba, kuma ina zaton da an ƙera siffar da fuskarta da gashinta, da hankalin yaran ya tafi kan kyanta, ba kan aikin da take yi wa ginin ba.

A nan ne muhawara ta ɓarke, domin wani ɗalibi ɗan Zariya ya ce bai ga abin mamaki ba, ai magina Hausawa sun daɗe suna yi wa fuskar gida ado, kuma zanko ma ba ya ɗauke da komai. Magana ce mai ƙarfi, kuma na ba shi gaskiya rabi. Adon ƙofar gida a Zariya da Kano shi ma sanarwa ne ga mai wucewa, yana faɗin matsayin maigida kamar yadda ginin Graves yake son ya faɗi cewa nan gidan hukuma ne. To amma maginin da ya yi zanko shi ne ya kafa indararo, ya shafe bango da makuba, ya san cewa duk shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Adonsa da dabarar korar ruwansa tare suka taso. Bakan gizon da Babban Gwani Mikaila ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ado ne, kuma shi ne yake riƙe da rufin. Ko kubbar Lugard Hall da muke wucewa kullum a nan Kaduna, wadda ita ma aro ce aka ɗora domin ta yi magana, tana da jiki, tana jefa inuwa. Nawa ra'ayin shi ne Graves ya yi daidai da ya ce ginin hukuma ya kamata ya yi wa talaka magana, amma an ba shi kuɗin akwati, ya karɓa, ya yi wa akwatin kwalliya, kuma araha ba ta ado. Ɗalibin bai gamsu ba, na ce ya rubuto mini hujjarsa.

Game da farashi, abin da na biya duka, har da fentin da na sake saya da ladan maƙeri, ya kusa rabin albashina na wata, kuma da na tambayi wani ofishin zane a cikin gari sai suka faɗi kusan ninkinsa, su ma kuma a irin waɗannan lunguna suke bayar da aikin. Rabi ake biya a fara, rabi idan an gama, kuma bai nemi ƙari a kan fuskar da suka sake ba. Wanda aikinsa yake buƙatar awo daidai, kamar malami ko mai zanen da zai tsaya gaban kwamiti, zai sami biyan buƙata a nan fiye da wurare masu allon suna da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda yake da ranar da ba ta ɗaguwa kuwa ya ninka lokacin da aka faɗa masa sau biyu, ya guji watannin da ɗalibai suke kare ayyukansu, ya zo da motarsa da bargon naɗe kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son a cika masa samfuri da 'yan mutane suna yawo a farfajiya ya nemi wani wuri.

Makon jiya na koma da zanen cikin masallacin Zariya, ina son a ƙera mini shi a buɗe ta gefe guda domin a ga yadda bakunan suka haɗu a sama. Ya daɗe yana juya takardun, ya tambaye ni ko da kwali nake so ko da laka ta gaske da tsinken kaba a madadin azara. Na ce da laka. Ya ce to sai ruwa ya ɗauke, domin a wannan laimar ba za ta bushe ba, kuma wannan karon ya karɓi lambata ya rubuta a bango da alli, a ƙarƙashin 1982 ɗin da har yanzu ba a goge ba.